Allon Gwajin Ido

Auta na guga a falo Baba ya shigo, ya jefa makullin mota kan tebur.

"Yaron nan kada ya sake taka min gida!"

"Wane yaro, Malam?" in ji Mama.

"Mai gwajin idon nan! Saurayin 'yarki!"

Baba tsohon hedimasta ne. Shekara talatin yana korar masu satar amsa, kuma ba a cin abinci a gidan sai ya yi lacca a kan gaskiya. Ran nan ya je asibitin da saurayin Auta ke aiki, a cike masa fom na sabunta lasisin tuƙi. Da yake idonsa ya yi rauni, tun zuwan da ya yi a baya ya sa an kwafo masa haruffan allon, ya haddace su tsaf. Ya karanta har layin ƙasa ba gargada. Matsalar ɗaya ce: saurayin ya riga ya sauya allo.

"Wai, 'Baba, ku yi haƙuri, ba zan iya sa hannu ba.' Ni!" in ji Baba.

Aka ɗage bikin auren Auta.

Wata bakwai Auta na kuka a ɓoye. Ƙarfe huɗu na yi sai ta tsinci kanta a taga, lokacin da babur ɗinsa ya saba tsayawa. Ta yi masa mesej sau ɗaya: "Don Allah ka sa hannun mana, layi ɗaya ne fa!" Ya amsa: "Ina kewarki kamar me. Amma in Baba ya take wani da mota fa?" Ta kashe wayar, ta kunna, ta sake karantawa.

Wata safiya ta fito da bokiti, ta tarar da Baba tsaye a gaban igiyar shanya, yana yi wa doguwar rigarta magana a hankali.

"Auta, kin yi shiru. Na sani. Da ɗalibina ne ya yi abin da na yi, da tuni na kore shi. Yaron nan shi ya yi daidai, kunya ce ta hana ni faɗa."

"Baba... ga ni nan a bayanku."

Ya juyo.

"To, kin dai ji. Kira shi. Ki ce ya taho da allon nasa — kowanne ya ga dama."

Ta saki bokitin ta ruga ɗaki. Haƙurinta ya biya. Gaskiya kuwa kowa na sonta a gidan maƙwabci. Sai ran da ta yi sallama a naka ake sanin ko da gaske kake.