Ruwan Mutum Uku

Wata 'yar ƙaguwa ta fito daga raminta ta bi ta kan zanen da Famau ya yi a jiƙaƙƙen yashi. Ta tsallake layin da ya ja a matsayin gaɓar teku, ta tsaya daidai inda ya ɗiga ƙauyen Shindoni. Shebe ya sa babban yatsa ya murƙushe ta, ya goge a jikin wandonsa.

"Ci gaba, direba."

Su huɗu ne a inuwar wani tsohon jirgin katako da aka kife a bayan gari. Shebe ne mai harkar. Daga Mombasa ya zo, da bindiga a cikin buhun gawayi. Kombo ɗan korensa ne, siriri, kumatunsa kullum cike da mira, ganyen da ake taunawa don maye. Famau matuƙin jirgin ruwa ne, shekara da shekaru yana tuƙa na mutane. Shebe ya yi masa alkawarin in aiki ya yi kyau, jirgin da za su shiga da injinsa sun zama nasa. Na huɗun Lali ne, ƙanin Famau, ƙaton ɗan dako a tashar jiragen Lamu. Famau ne ya kawo shi, domin abin da za a ɗauko akwatin ƙarfe ne, wanda matan Shindoni suke ba Bwanaheri mai kanti ajiyar gwala-gwalansu a ciki.

"Hanya biyu ce," in ji Famau. "Ta waje, sai mun wuce ta gaban 'yan sandan ruwa. Ko kuma ta mashigin nan, Maƙogwaro." Ya ja wani siririn layi da tsinke. "Cikin dajin mikoko yake, itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, ya ɓulle inda motarku za ta jira. Amma ba ya ɗaukar jirgi sai ruwa ya cika. Ka bari wata ya yi sha huɗu. Lokacin teku na hawa har gindin kwakwa. Mu shiga da la'asar, mu fita lafiya."

"Da la'asar mazan garin suna ƙofar gida suna shan gahawa. Juma'a na ce maka. Lokacin huɗuba."

"Maigida, duk ranar da cikar ruwa ta zo kusa da azahar, kwanakin mataccen ruwa ne. Ba ya hawa sosai. Kuma kafin liman ya hau mumbari ya fara janyewa."

Kombo ya tofar da koren yawu. "Ji malamin ruwa! Mataccen ruwa! To mu yi masa salla mana tunda Juma'a ce."

Lali ya ƙyalƙyale da dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Kai kuma me ka gane, buhun shinkafa?" in ji Kombo.

"Na gane in na zauna a kanka sai an kankare ka da cokali," in ji Lali, suka sake fashewa.

Da Kombo ya ja Lali suka tafi duba mai, Famau ya matso ya rage murya.

"Gaskiya zan faɗa maka. Akwai wani tudun yashi a tsakiyar Maƙogwaro. A zuwa za mu wuce. A dawowa, mutum huɗu da akwatin ƙarfe, ruwan ba zai ɗauke mu ba."

"Mutum uku da akwati fa?"

Famau ya dubi zanen. "Zai wuce. Da ƙyar."

Shebe ya ɗaga kai ya dubi inda su biyun suke tafiya. Kombo na gaba yana ta wurga hannu yana zuba.

"To ka bar min wannan lissafin."

Famau ya bi su da kallo shi ma. Ya dubi Kombo, ya tuna ranar da ya mari wata yarinya mai sayar da gyaɗa don ta ce ya biya. Ya ce a ransa, duniya ba za ta yi asarar komai ba. Bai tambayi wa za a rage ba. Ya sa tafin ƙafa ya share zanen.

Ranar Juma'a rana ta take kamar za ta fasa kai. Sun shiga Maƙogwaro ruwa na kan cikarsa, rassan mikoko na gogar gefen jirgin. A kan tudun yashin farfela ta ɗan taɓa ƙasa. Famau ya ji abin a tafin hannunsa, ya dubi Shebe. Shebe na kallon gaba.

Ya tsayar da jirgin a bayan Shindoni, inda ake shanya kifi. Daga nan ana jin lasifikar masallaci. Su ukun suka rufe fuska suka sauka. Famau ya kafa gora a cikin ruwa ya zuba mata ido.

A gidan Bwanaheri mahaifiyarsa, Bi Mwanahawa, na zaune a tsakar gida tana kankare kwakwa. Jikarta na gefe, hannuwanta a miƙe don lallen biki bai bushe ba.

Ƙofa ta faɗo!

"Kowa ya kwanta! Ina akwatin?" in ji Shebe.

"Wane akwati, ɗana? Yau Juma'a ce, ku ji tsoron..."

Shebe ya kai mata gindin bindiga a baki. Tsohuwar ta kife kan kwanon kwakwar, farin ya koma ja. Kombo ya damƙi yarinyar ya fizge ɗan kunnenta da naman kunnen gaba ɗaya. Cikin ihu ta nuna musu ɗakin da akwatin yake.

Akwatin mutum biyu ne suke ɗaga shi. Lali ya zarga masa igiya, ya durƙusa, ya miƙe da shi a gadon baya. Da zai fita ya tsaya kan tsohuwar.

"Iya, ki yi haƙuri."

"Wuce, jaki!" Shebe ya tunkuɗa shi.

Ba su kai rabin hanya ba wata maƙwabciya ta haye rufin ɗaki da faranti da ludayi. Kwal! Kwal! Kwal! "Ɓarayi! Sun kashe Bi Mwanahawa!" Lasifikar masallaci ta katse a tsakiyar magana.

A bakin ruwa, jiƙaƙƙen wurin da ke jikin gorar ya riga ya kai tsawon tafin hannu sama da ruwa. Famau ya ja igiyar inji. Akwatin ya sauka cikin jirgi, tim! Jirgin ya nutsa har ruwa ya kusa leƙowa.

"Taka! Taka, don ubanka!" in ji Shebe.

Suka faɗa Maƙogwaro. A bayansu maza na kwararowa da fararen riguna, wasu da adda, wasu da mashin kifi. Masu saran mikoko ne yawancinsu, kuma ƙananan kwalekwalensu ko a kan raɓa sai su wuce.

Famau ya karya kwana ta farko, ta biyu. Saiwoyin mikoko sun fara fitowa waje, baƙaƙe, suna ɗiga. Ya ɗaga injin sama kaɗan. Sai ga tudun.

Ƙurrr! Jirgin ya tsaya cak.

Duk wanda ya tashi a bakin teku ya san ƙa'ida. In jirgi ya kafe, wanda ya fi kowa nauyi shi ke sauka ya tura. Ba a ma faɗa. Kafin Famau ya buɗe baki Lali ya riga ya dira, ruwa iya gwiwarsa. Jirgin ya ɗago nan take.

A lokacin ne Famau ya gane. Shi ya lissafa wanda ba shi da amfani. Shebe ya lissafa wanda ya fi nauyi.

"Lali! Hau! Bar shi, hau!"

"Tsaya mana, Yaya, ya kusa!" Lali ya kafa kafaɗa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. "Ya Allah!" Jirgin ya ja ciki a kan yashi, ya ja, ya sulale cikin zurfi. Lali ya biyo shi yana haki yana dariya, ya kama gefen da hannu biyu.

Shebe ya harbe shi a cinya.

Tau! Tsuntsaye suka tashi daga dajin gaba ɗaya. Lali ya zauna cikin ruwa. Bai yi ihu ba. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi yayansa, kamar wanda aka yi wa tambayar da bai gane ba.

Famau ya yunƙura zai dira. Bakin bindigar, da zafinsa, ya sauka a bayan kunnensa.

"Zauna. Kai ka ce mutum uku."

"Ƙanina ne! Uwarmu ɗaya!"

"Na sani. Da Kombo na sauke, me zai rage? Kaza ta fi shi nauyi. Kuma ban kashe shi ba, ka gani. Mutanen can suna buƙatar abin da zai tsayar da su. Ja mu tafi."

Kombo ya yi wata 'yar dariya, amma fuskarsa ta yi fari. Ya gane an auna shi shi ma.

"Yaya," in ji Lali. "Yaya Famau."

Muryoyin mutanen gari sun iso kwanar baya. Shebe ya danna bindigar har fatar ta ƙone. Famau ya murɗa hannun injin.

Bai waiwaya ba, amma ƙarar inji ba ta rufe komai ba. Ya ji lokacin da suka iske Lali.

A ofishin 'yan sandan ruwa, Saja Charo na cin shinkafa da kifi aka kira shi a waya. Ya saurara, ya ajiye, ya leƙa taga ya dubi ƙafafun gadar jirage, ya ga yadda ruwa ya ja.

"Ta Maƙogwaro suka bi? Yau?" Ya girgiza kai.

"Mu bi su, ranka ya daɗe?" in ji kurtun da ke tsaye.

"Da wannan giwar jirgin namu? Sai mu kwana a taɓo. A kira mutanenmu na tudu su je mafita, dole akwai motar da ke jiransu a can. Mu kuma mu tare bakin ruwa." Ya wanke hannu. "An ce tsohuwar ta cika. Mutanen gari sun kama ɗaya."

"Da rai?"

"Lokacin da suka kama shi dai da rai."

Can cikin daji Maƙogwaro ya rabu biyu. Ta hagu wani ƙunci ne mai duhu, kamar ba ya zuwa ko'ina, amma shi ne mai zurfi, shi ne mai kaiwa ga mota. Ta dama ruwa ya buɗe fetal yana ƙyalli. Faranti ake ce wa wurin. Da ruwa ya fara ja, cikin ɗan lokaci yake komawa filin taɓo.

Famau ya karya dama.

"Yauwa!" Shebe ya sauke bindigar daga bayan kunnensa. "Ka ga ruwa na Allah! Direba, kada ka damu. Rabon ƙaninka naka ne. Ga jirgi kuma."

Famau ya ƙara wa injin wuta. Ya kai su har tsakiyar Faranti, inda babu reshe ko ɗaya da hannu zai kai. Farfela ta fara aman baƙin taɓo. Injin ya yi tari, ya mutu. Shiru ya sauko, sai ƙarar ruwa na tsiyaya ta ko'ina.

"Me ya faru kuma?"

Famau ya nuna ruwan da haɓa.

"Kombo, sauka ka tura."

"Ni? Wallahi ba ni ba! Na ga yadda ake biyan mai turi!"

Shebe ya juya bindigar. Kombo ya zura ƙafa yana kuka. Taɓon ya haɗiye shi har ƙugu.

"Wayyo! Yana ja na! Maigida, kama ni!" Ya rungume gefen jirgin, jirgin ya karkata, akwatin ya zame ya daki ƙafar Shebe. Shebe ya zunduma ashar, ya taka yatsun Kombo da takalmi.

Daga nesa, ta hanyar da suka fito, aka busa ƙahon masunta. Wani ya amsa daga wani gefen.

Gumi na zuba daga haɓar Shebe. Ya dubi dajin, ya dubi ruwan da yanzu bai fi rufe idon sawu ba.

"Direba. Sauka ka nemo mana inda yake da zurfi. Ina kallonka. Ka yi gudu, na fasa maka kai."

Famau ya ɗauki gora. A ƙarƙashin taɓon akwai wani siririn layi mai tauri na ɓawon kawa, wato dodon koɗin teku, faɗinsa bai fi tafin ƙafa biyu ba, wanda masu saran itace ke bi. Dama da gangan ya tsayar da gaban jirgin a kansa. Ya sauka ta nan, taɓon ya tsaya masa iya ƙwauri. Ya sunkuya, ya soka gorar dama, ya soka hagu, ya yi taku ɗaya. Ya sake sokawa, ya sake takawa. Ɓawon na yanka masa tafin ƙafa, bai ji ba.

"Ka samu?" in ji Shebe.

Ya ƙara gaba, a sunkuye, a hankali, kamar mai neman allura.

"Famau! Magana nake maka!"

Ƙahon ya sake kuka, kusa sosai yanzu. Shebe ya waiga da bindigar can. Kombo na kiran sunan uwarsa.

Famau ya kai gindin mikoko na farko. Ya jingine gorar a jikin reshe, ya sunkuyar da kai, ya shige cikin ganye.