Jakar Talla a Gidan Suruka

"Ɗage ƙyallen ga ki sha ruwa, ɗiyata, babu namiji cikin gidan."

Khairiyya ta girgiza kai kawai. Ta san in ta buɗe baki kuka ne zai fito, ba magana ba.

Kofin ruwan yana hannunta. Idonta ta cikin niƙabi yana kan budurwar da ta fito daga madafa tana goge hannu da zane. Sadiya ce! Ƙanwar Uwaisu, wadda ta taɓa rako shi Wurno ta gaishe ta, har suka ci ɗanwake kwano ɗaya.

Innalillahi...

Ke nan wannan tsohuwa mai fara'a da ke zaune a tabarma tana tsince wake ita ce Inna Mairo, mahaifiyar saurayin da danginsa suka riga suka kai gaisuwa gidansu. Ga ta tsugune tsakar gidan surukarta a Goronyo, tun ba a sa rana ba, da ƙatuwar jakar talla a gefenta.

Ta waiga ta dubi Raihana, wadda ta jawo ta gidan. Raihana ta sakar mata murmushi, irin na wanda ya daɗe yana jiran rana.

"Ƙyale ta, Inna, kunya gare ta," in ji Raihana. "Cikin yaranmu na talla take. Ni ohis nike, rakiya ɗai niy yo in ga yadda suka aiki."

Yaranmu! Ajinsu ɗaya fa a kwaleji, kuma ko a can Khairiyya ce ke yi mata aikin gida.

Raihanar nan ce ta turo mata sanarwar aikin a waya. Wani kamfani a Sakkwato yana neman jami'an hulɗa da jama'a, aikin ofis, albashi duk wata. Khairiyya ta je ganawa gabanta na faɗuwa, sai ta ga duk wanda ya shiga an ɗauke shi, har da wata da ta kasa faɗin sunan kamfanin. Suka karɓi takardar shaidar karatunta ta ainihi, wai za a sa a fayil. Kafin ta dawo Wurno babanta, Malam Abdulƙadiri, ya riga ya faɗa a masallaci, mamarta ta raba sadakar ƙosai.

Ranar farko aka tara su a wani ɗaki babu tebur babu kujera, aka sa su yin tafi da ihu kamar 'yan firamare. Daga nan aka rataya wa kowa jaka cike da man zafi da sabulu da fitila mai sola, aka loda su a bas. Albashi kuwa sai in an kai matsayin manaja, manaja kuma sai wadda ta kawo sababbin ma'aikata. Ogan kamfanin bai ma ɓoye dalilin son 'yan mata ba. Namiji iyakarsa zaure, mace kuwa da sallama ɗaya ta kai har ƙuryar ɗaki.

Da ta nemi takardarta, aka ce tana babban ofis, ta ƙara haƙuri.

Sai ta sayi niƙabi. Ta yi Rabah gida-gida, ta yi Dinawa, ta yi Taloka, ƙafarta ta yi kanta. Da yamma ta koma gidan gwaggonta a Sakkwato ta ce ofis ya yi daɗi. Abin da ya fi hana ta sakewa shi ne maganar da Uwaisu ya taɓa yi mata yana dariya: Inna ta ce ya auro wadda ya ga dama, baƙa ko fara, amma ban da 'yar talla.

Raihana kuma maƙwabciyar su Uwaisu ce a Goronyo, ta san wannan magana sarai. Ta kuma daɗe tana aika wa Uwaisu gaisuwar da ba ya amsawa.

"Inna, ai ba don man zahi niz zo ba," Raihana ta gyara zama. "Alheri nik kawo ma Sadiya. Akwai gurbi guda ohis ɗinmu. Kujera ta, da hwanka bisa kai, da albashi dut wata."

Sadiya ta dafe ƙirji.

"Don Allah, Anti Raihana?"

"Wallahi. Ɗauko takardarki ta sakandare, ta ainihin, in tahi da ita yau kahin wata ta riga ki."

Inna Mairo ta ajiye faifan wake.

"Ba dai yawon gidaje awa na wagga baiwar Allah ba ko? Kin san ni."

"Haba Inna! Ni za ni sa ƙanwata yawo?"

Sadiya ta ruga ɗaki.

Zufa ta jiƙe Khairiyya har cikin hijabi. Abin da ya rage mata mai sauƙi ne: ta yi shiru, ta ɗauki jakarta, ta fita yadda ta shigo. Ko Raihana ta tona daga baya, wa ya ga fuska? Sai ta rantse ba ita ba ce.

Sadiya ta dawo da takardar cikin leda, ta riƙo ta da hannu biyu, bakinta har kunne. Haka Khairiyya ma ta riƙo tata ranar ganawa.

Raihana ta miƙa hannu.

"Kak ki ba ta!"

Maganar ta fita kafin Khairiyya ta yi shawara da zuciyarta.



"Ke! Wa yas sa bakinki?" Raihana ta daka mata tsawa.

"Ƙarya ta, Inna. Babu kujera, babu albashi. Wagga jikka ita ta aikin. In sunka amshi takardag ga, ba ta ƙara ganinta."

"Hassada ta, Inna! Ba a ɗauke ta ohis ba shi na taka baƙin ciki. Wa za shi yarda da wadda ko huskarta ba ta iya nunawa?"

Inna Mairo ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ta san Raihana tun tana goye. Wannan kuwa baƙuwa ce a rufe.

"Ɗiyata, magana babba kinka yi. Ke wace ce?"

Hannun Khairiyya ya yi nauyi kamar ba nata ba. Ta kai shi bayan kai, ta kwance igiyar niƙabin.

"Anti Khairiyya!"

Ledar ta suɓuce daga hannun Sadiya.

"Ni ma aikin ohis anka ce min," in ji Khairiyya, hawaye na zuba, kanta a ƙasa. "Tawa takarda tana hannunsu. Don Allah kak ku bari a yi ma Sadiya abin da anka yi min."

Inna Mairo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule.

"To, Inna, kin dai ga surukat taki!" Raihana ta ɗaga murya don maƙwabta su ji.

Sun kuwa ji. Kafin Khairiyya ta kai zaure, kawuna sun leƙo ta katanga. Ta bar jakar a inda take, ta nufi tasha da fuskarta a buɗe, ba ta ma san a hannu take riƙe da niƙabin ba.

Labari ya riga ta isa Wurno.

Mamarta ta yi kuka har ta gaji. Malam Abdulƙadiri kuwa bai ɗaga murya ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan.

"Da kin hwaɗa min tun ranar hwarko, da ni da kaina za ni tai in amso takardarki. Yanzu in dangin yaron ga sunka aiko a mai da musu kayan gaisuwarsu, ba ni ganin laihinsu."

Ta kira Uwaisu, bai ɗauka ba. Ta tura saƙo, shiru. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ce shi ke nan, 'yan karɓar kaya ne. Abinci ya daina wuce mata. Matan unguwa kuma suka tsiri zuwa aron turmi da rariya, kowace da idonta a kan ƙofar ɗakinta.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka ce ana sallama da ita.

Uwaisu ne tsaye a zaure, ya rame shi ma. Daga gonar albasarsu ta bakin dam ya wuce gida ya sa manyan kaya, kuma manyan kayan nan su suka ƙara tsorata ta.

"Ina wuni..." ta ce, muryarta can ƙasa.

"Lahiya."

Ko "Khairina" da ya saba kiran ta babu.

"Kullum ina tambayarki ya ohis," ya ce. "Kullum ki ce min lahiya lau. Ashe kina cikin rana kina bin gidajen mutane. Hat Taloka kinka zo, kusa da gonarmu, ina nan ina ba ki labarin albasa a waya awa wawa!"

"Ka yi haƙuri, masoyina..."

"Mi niy yi maki da kinka kasa hwaɗa min?"

"Tsoro niy ji! Kai kac ce Inna ba ta son 'yat talla. Nic ce in na samo takardata sai in bari, babu wanda za shi sani. Kullum sai su ce gobe... Wallahi rasa ka nika tsoro, Uwaisu."

"Shi na kinka zaɓi ki rasa ni gaban uwata?"

Ta durƙushe a wurin tana kuka.

Ya juya baya. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Na tai Sakkwato."

Ta ɗago.

"Na tai in amso maki takardarki. Sun tashi, Khairiyya. Kwaɗo na ga ƙohwa, hal allon sunan sun cire. Yara sun hi ashirin tsaye bakin wurin. Raihana na cikinsu, tana kuka, ita ma tata na hannunsu."

Shekarun karatu, da gumin babanta, duk sun bi bas.

"Mun kai ƙara, kuma na tambaya kwaleji, sun ce ana iya neman wata shaida, sai dai a sha wuya. Wanga ba shi na ya kawo ni ba."

To ga ta nan. Ta runtse ido.

"Kawunnaina sun taru jiya. Sun ce a hwasa. Sun ce dut Goronyo babu zancen da aka yi sai na amaryad da tak kai kanta gidan miji da jikkat talla."

"Na sani... ba ni ganin laihinsu."

"Inna tana ɗaki tana ji, tun ranan nan ba ta ce ma kowa komi ba. Sai ga ta ta hito."

Khairiyya ta riƙe numfashi.

"Tac ce ita da tallan hura ta tashi, ta san abin da taka gudu ma jikokinta. Tac ce amma ta ga 'yan talla iri-iri, ba ta taɓa ganin wadda tab ɓata cinikinta da aurenta lokaci guda don ɗiyar wani ba."

"Uwaisu..."

"Ban ƙare ba. Tac ce kin yi mata laihi babba."

"Na sani. Ƙaryad da niy yi..."

"Ba ita ba. Wagga tsakanina da ke ta, kuma ba ki gama biyana ba." Gefen bakinsa ya motsa, karo na farko tun zuwansa. "Tac ce kin shigo mata gida babu sanarwa, kin iske ta da tsohon zane tana tsintar wake, ta ba surukarta ruwan randa a kohin yara. Wai kunyag ga ta hana ta hita ko gidan suna."

Khairiyya ta ɗago ta dube shi.

"Tac ce ba ta iya zama da wagga kunya hal bayan girbi. A zo a sa rana kusa, a kawo ki yadda aka kawo kowace ɗiya, da guɗa da rakiya, ta samu ta tarbe ki da mutunci."

"Don Allah kak ka yi min wasa... zuciyata ba ta iya ɗauka."

Ya matsa gefe, ya nuna mata ƙofa da haɓa.

Ta leƙa. A ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida an shimfiɗa tabarma. Dattawa biyu da ba ta sani ba suna zaune da babanta, fuskokinsu ba yabo ba fallasa, ga ƙullin goro a tsakiya. Malam Abdulƙadiri yana share ido da bakin rawani.

Kuka da dariya suka haɗe mata, ta rufe fuska da hijabi.

"Khairina," ya kira ta a hankali. "Daga yau in rana ta dake ki, wa za ki hwaɗa ma?"

"Kai."

"Ko da mi?"

"Ko da mi."

Daga waje aka ce a yi salati. Ta juya da gudu ta shige gida kafin surukanta su gan ta.