Rigar da Uwar Genta Ta Wanke

Kotone na durƙushe a ɗakin baya tana tankaɗe toka, kakarta Tomie na gefe tana yanka itacen turaren ud guntu-guntu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai ga Gwaggo Sadae ta turo ƙofa tana toshe hanci.

"Ya zo gidan nan ko? Kar ki ce min bai zo ba, tun daga soro na ji shi!"

"Haba Gwaggo! A bakin titi fa ya tsaya."

"To titin ma sai an wanke shi."

Wanda ake yi wa wannan tsiya shi ne Genta, saurayin Kotone. Shi da mahaifiyarsa ke da wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa, inda suke soya giyoza, ƙullin fulawar nan mai nama da tafarnuwa. Gidan su Kotone kuwa, duk birnin Kiyoto na ƙasar Japan an san su da koyar da zaman turare tun kaka da kakanni, zaman da ake shaƙar ƙamshin itace a faɗi ƙasar da ya fito. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, don haka maganar aurenta na hannun tsohuwa.

"Kaka, ina son sa," in ji Kotone, hawaye na zubo mata cikin tokar. "Shi kaɗai nake so."

"Matsa da fuskarki, kina jiƙa min toka," Kaka ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Idan ganyen itatuwa ya fara ja gab da hunturu za mu yi babban zama. Ya zo. A nan zan gan shi, a nan zan yanke. Idan na ce a'a, kar a ƙara kawo min maganar."

Gwaggo Sadae ta yi dariya har da tafi. "Itace biyar, daga ƙasashe biyar! Mai suya ne zai bambance su? Hancin da man gyaɗa ya riga ya kashe?"

Da labari ya kai wa Genta, ko gezau bai yi ba. Ya miƙa wa ƙanwarsa kaskon suya, ya koma wankin kwanuka a bayan shago. Ya daina cin tafarnuwa da albasa, ya daina zama kusa da masu shan taba. Masu zuwa cin abinci suka sa shi gaba da tsokana.

"Ango, yau ma farar shinkafa gaya? Soyayya ta hana ka miya!"

Da yamma sukan haɗu da Kotone a bakin kogi, ta yi ta yi masa karatu.

"Na Biyetnam ɗaci-ɗaci yake, amma a hankali yake shigarka. Na Tailan yana da zaƙi. Na Sumatra tsami-tsami. Na Malaka da ka ji shi ya ɓace. Na Indiya sanyi gare shi. Ka riƙe?"

"Sori, Koto, ni fa duk ƙamshin katako nake ji."

"Genta! Siriyos nake magana!"

"Ni ma siriyos nake. Amma kwantar da hankalinki, zan zo, kuma ba zan ba ki kunya ba."

Duk ta gaya masa abin da ba a ci. Abu guda ne ta manta, don a gidansu ko jariri ya san shi: ba wari kaɗai aka hana a ɗakin turare ba, har ƙamshi. Ba a shafa turare, ba a shafa mai, ko fure ba a ajiyewa a ɗakin. Ba ta taɓa tunanin akwai mutumin da sai an gaya masa ba.

Ranar zama, mahaifiyar Genta ta tashi da sassafe. Baiwar Allahn nan ta ji duk gorin da ake yi wa ɗanta, kuma ya tsaya mata a rai. Ta wanke farar rigarsa da safarsa, ta juye musu rabin kwalbar ruwan ƙamshin nan na wanki, ta goge su sumul.

"Yau dai ba mai cewa ɗana na warin tafarnuwa," ta ce, tana gyara masa wuyan riga. "Je ka, su ji yadda ɗan mutunci yake."

Gwaggo Sadae ce ke tarbar baƙi a ƙofa. Tun kafin ya cire takalmi ta buɗe hanci, sai fuskarta ta washe.

"Kai, sannu da zuwa! Irin wannan ƙamshi haka? Lambu guda ka ɗauko mana. Shigo, shigo, ka zauna a tsakiya!"

Mu mutanen Kiyoto idan muka yabe ka irin haka, to ka nemi takalminka. Genta bai gane ba, sai da ya ga Kotone ta dafe ƙirji.

"Wayyo Genta! Wa ya wanke maka rigar nan?"

"Me ya faru?"

"Ƙamshi! Ba a shiga da ƙamshi, zai danne na itacen duka! Laifina ne, ban gaya maka ba..." Ta riƙo hannun rigarsa tana raɗa. "Shigo kawai, ka zauna ta bakin taga. Idan ba ka shiga ba shi ke nan, ka ji abin da Kaka ta ce."

Genta ya leƙa. Baƙi sun jeru a kan tabarmi, har da wani dattijo da aka riƙo hannunsa tun daga garin Nagoya.

"Itacen da za a ɗora yau, ana iya sake samun irinsa?" ya tambaya.

"Wani daga ciki tun zamanin kakan Kaka yake. Abin da ya rage kaɗan ne."

"To ba zan shiga ba."

"Genta!"

"Mutanen nan shekara guda suka yi suna jira, Koto. Ba zan ɓata musu don in sami mata ba."

Ya mayar da takalminsa, ya zaga lambu, ya lura da inda iska ke kaɗawa, ya zauna a kan wani dutse ta inda ba za ta kai ƙamshinsa ɗakin ba. Sanyi ake yi sosai. Kotone ta koma ciki tana share ido, ta tabbata ta rasa shi.

Kaka ta shigo, ta ga matashin zama ɗaya babu kowa.

"Ina baƙon?"

"Ya tsorata ya gudu," in ji Gwaggo Sadae.

"Bai gudu ba!" Kotone ta ce da ƙarfi. "Yana lambu."

Tsohuwa ta ba baƙi haƙuri, ta ɗauki sandarta ta fita. Tun daga nesa ta yamutsa fuska.

"Kai yaro, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Ya miƙe ya sunkuya. "Ni ne, Kaka. Ki gafarce ni."

Ta kalli wuyan rigar, ta kalli karin gugar da ke hannun rigar. "Kai ka yi wannan gugar?"

Ya kawar da kai gefe.

"Na yi shekara sittin ina goge wa maza riga, ni za ka yi wa wayo? Hannun uwa ne wannan." Ta gyara tsayuwa. "Ka san dai rashin shigarka na nufin ka faɗi?"

"Na sani."

"To me kake jira a nan?"

"Ki ce a'a a gabana, Kaka, in yi godiya in tafi. Ban so a ce na tsere."

Ta juya ta fuskanci ɗakin turare. Can ta ɗaga murya. "Kotone! Nuna masa banɗaki ya yi wanka da ruwa zalla. Ki ɗauko masa rigar kakanku ta zama, wadda ke cikin akwatin ƙasa."

Gwaggo Sadae ta zaro ido. "Inna! Rigar Baba?"

"Ke, koma ki zauna."

Aka soma. Kotone ta binne garwashi cikin toka a ɗan kasko mai kamar kofin shayi, ta ɗora wani siririn faranti a kai, ta aza guntun itace. Ba wuta, ba hayaƙi, ɗumi ne kawai ke tashe shi. Kasko ya riƙa zagayawa. Kowa ya riƙe da hagu, ya rufe da dama, ya shaƙa, ya kau da kai ya fitar da numfashi, ya miƙa wa na kusa, ya rubuta ƙasar da yake ganin itacen ya fito. Dattijon Nagoya ya lumshe ido yana murmushi shi kaɗai. Genta kuwa gumi yake yi, sai da kasko na huɗu ya iso hannunsa. Ya shaƙa, ya tsaya cak, kunnuwansa suka yi ja.

Da aka buɗe amsoshi, guda ɗaya tak ya ci. Gwaggo Sadae ta ƙyalƙyale.

"Ɗaya cikin biyar! Ai ko da ka ne aka yi caca a ci ɗaya!"

"Yaro," in ji Kaka, "na huɗun nan, yaya ka san na Biyetnam ne?"

Genta ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ɗacin da ake faɗa ban ji shi ba. Amma ranar da Kotone ta fara shigowa shagonmu neman mafakar ruwan sama, shi na ji a gashinta, cikin duk hayaƙin suyar nan. Na tambaye ta, ta ce itacen Biyetnam ta wuni tana yankawa. Ko shekara nawa zan yi ba zan manta shi ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, Kotone ta ɓoye fuska cikin hannun riga.

"Ku saurara," Kaka ta ce, kowa ya nutsu. "Sunayen ƙasashe, shekara biyu sun isa in koya wa hanci. Amma mutum ya haƙura da abin da yake so don kar ya ɓata wa wasu nasu, ya kuma ɗauki laifi don kar a yi wa uwarsa dariya, wannan ban san yadda ake koyar da shi ba. Na ba shi."

Kotone ta fashe da kuka, wannan karon ba wanda ya ce ta matsa daga toka.

Haka lamarin yake, 'yan uwa. Wanda ya yi haƙuri, ya sa haƙƙin mutane gaba da buƙatarsa, abin da ya saki yakan dawo hannunsa. Iyaye kuma su duba halin mai neman 'yarsu kafin su dubi sana'arsa.

Genta na saka takalmi a ƙofa Kaka ta miƙo masa farar rigarsa a naɗe cikin ƙyalle.

"Ka gaya wa mahaifiyarka gugarta ta yi kyau," ta ce. "Kar ka gaya mata sauran. Gobe ba zama, ta zo mu gaisa. Ta taho da giyozar nan da yawa, kuma kar ta rage tafarnuwa."