Ƙasar Garejin Baba Tahidu

Zuweira ta fara ganinsa a tsohon garejin babanta da ke unguwar Nyohini, laka har gwiwa. Imurana sunansa, aikinsa gyaran ƙasar da ta gurɓace. Shekara da shekaru baƙin mai na zuba a filin nan, ko ciyawa ta daina fitowa.

"Koko kake damawa?" ta tsokane shi.

Ya nuna mata ƙaton tanki. Ana zuba ƙasar da ruwa, inji na juyawa yana hura iska, wasu halittu da ido ba ya gani suna cinye man.

"Yanzu haka ci suke?"

"Suna ci, suna hayayyafa."

"Allah mai iko," ta ce a hankali. Tun ranar ba ta sake aiken kowa garejin ba, da kanta take zuwa.

Da maganar aure ta taso, babanta, Baba Tahidu, ya kafe. "Mai wasa da laka zan ba ɗiyana? Wannan ƙasa ya mutu. In ganyen ayoyo na miya ya fito ciki, ka zo."

Ranar da Baba zai leƙa aikin, Zuweira ta riga kowa zuwa, ta ji tankin na wari. Baiwar Allah mai tsabta, don kada masoyinta ya kunyata, ta juye maganin wanke banɗaki a ciki. Garin neman gira aka rasa ido.

Bayan kwana biyu saƙon Imurana ya shigo wayarta: "Zuzu, duk sun mutu. Wa ya taɓa tankin?"

Tana kuka ta rubuta: "Ni ce, Injiniyana. Ƙamshi na so Baba ya ji. Ka yafe mini."

Sai can ya amsa: "Na yafe. Zo gobe da shebur, danginsu na nan cikin ƙasa."

Suka soma daga farko, ita ma laka har gwiwa. Da damina suka baza ƙasar, suka watsa irin ayoyo.

Wata safiya Baba ya tarar da filin kore shar. Ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar ya sunsuna, ya daɗe bai tashi ba. Ƙamshin gonar babansa ya ji.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kafaɗar Imurana.

"Allah da ya ta da mataccen ƙasa ina kallo, ya raya gidanku."

Jama'a suka amsa da amin, Zuweira na share hawaye cikin mayafi.