Allon Inna Takamat

Tun da hantsi na'urar Yatsu-Goma take aikinta a ɗakin gwaji na Ma'aikatar Rijiyoyin Hamada da ke Sabuwar Damagaram. Hannuwanta na ƙarfe suna bin allunan madannai goma sha huɗu da aka jera a kan tebur: na Faransanci, na bokon Hausa, na ajami, har zuwa na ƙarshe mai rubutun Tifinag na Abzinawa. Duk wanda ta gama dannawa, sai koriyar fitila ta kama.

Manhajar da ake gwadawa sunanta Dogon-Hannu. Da ita mai tsaron rijiya yake zama a gidansa, ya shiga kwamfutar famfon da ke can cikin daji kamar yana gabanta, ya rubuta kalmar sirri, ruwa ya taso. Malama Barmani ce ke kula da gwajin, shekara tara ke nan.

Shugaban sashen, Injiniya Mantau, ya shigo ya nuna allon ƙarshe da baki.

"Malama Barmani, ranar Alhamis za mu cire wannan. Shekara uku ko mutum ɗaya bai shiga da shi ba. Sifili ne."

"Amma akwai mai shi a rajista, Injiniya."

"Kakana ma yana cikin rajistar masu raƙuma," in ji shi, ya fita yana dariya.

Barmani ba ta yi dariya ba. Ta nemo sunan: Takamat, mai tsaron rijiyar Intalak. Ta kira lambar, sai ga fuskar wata dattijuwa a gilashin waya, tana rangaji a kan jaki.

"Ɗaga murya, 'yata, jakin nan ba ya tsaya wa kowa."

"Inna, ina za ki a wannan rana?"

"Rijiya mana. Tafiyar wuni ce, kowane kwana biyu, in buɗe famfo da hannu."

"Ba a ba ki allo ba?"

"An ba ni. Ina rubuta kalmata, sai ya ce ba ita ba ce. Na ɗauka yatsuna ne suka tsufa. Wa zan kai wa ƙarar yatsuna?" Ta gyara zama. "Dattawan gari sun ce in gwiwoyina ba su iya ba, ƙarshen wata in miƙa rijiyar ga wani. Mahaifina ne ya haƙa ta, 'yata. Kuma ni wannan rubutun kaɗai na iya."

Barmani ta koma kan na'ura, kafin azahar ta gano inda matsalar take. Idan mutum ya danna madanni, ba harafi ne yake tafiya ta cikin iska ba, lambar mazaunin madannin ce. Dole kwamfutar da ke nesa ta san irin allon da ke magana da ita kafin ta mayar da lambar harafi. A ɗakin gwaji an saita kwamfutocin biyu iri ɗaya, shi ya sa fitila take kamawa kullum. Amma famfunan daji duka an saita su a kan allon Faransanci, ba sa tambayar kowa. Kalmar Inna Takamat tana barin gidanta daidai, ta isa rijiya baƙuwa.

Gyaran da ta yi ba mai yawa ba ne. Ta koya wa Dogon-Hannu sallama: kafin harafin farko ya wuce, allo zai faɗi sunansa, kwamfutar nesa ta amsa, sannan a yi magana.

Ranar Laraba ta kira Injiniya Mantau ya tsaya bayanta. A wannan karon ba Yatsu-Goma ce za ta danna ba. A gefe ɗaya na gilashin kwamfuta, Inna Takamat tana zaune a kan tabarma a ƙofar tantinta, allon a cinyarta, tana danna haruffa shida da yatsa ɗaya, tana kiran sunan kowanne. A ɗaya gefen gilashin, famfon Intalak ya yi tari sau biyu, ruwa ya zubo cikin kwami, awaki suka taso a guje.

"To," in ji tsohuwar. "Ashe yatsun suna nan. Bari in je in yi wa jakin nan albishir."

Injiniya Mantau ya daɗe yana kallon ruwan. Shi ne ya sa hannu a kan takardar da ta yi alkawarin cewa Dogon-Hannu za ta kai ga kowane mutum a faɗin hamada.

"Malama Barmani," ya ce a hankali, "alluna nawa muka cire a baya saboda sifili?"

"Goma sha ɗaya. Suna ɗakin ajiya."

Ya laluba aljihunsa, ya ciro mabuɗin ɗakin, suka fita tare don ɗauko su.