Ƙusa a Jikin Tsamiya

Dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Meshak da magariba, matarsa Paulina tana tuƙa tuwon acca, jirgin Jos bai daɗe da barin tasha ba. Ba wanda ya ɗaga kai. Mutanen gidan sun daɗe da daina mamakin komai.

Meshak mai gyaran rediyo ne a bayan kwatas ɗin reluwe a Kafanchan. Tun farkon damina ɗansa Luke ya tuƙa motar citta zuwa Jos, daga nan ba shi ba motar. An je asibiti, an je caji ofis, an gaji. Sai Meshak ya samo wata tsohuwar rediyon soja da ta yi saura daga yaƙi, ya buɗe cikinta ya zauna. Akwai wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar wake da ake ce wa kiristal, kowanne da layin da yake kamawa. Ya sa na 'yan sanda, ya sa na 'yan kwana-kwana, ya sa na reluwe, ya yi ta murɗa sukurori har muryoyi suka fara fita. Na cikin gari ya fito tangaran. Na hanyar Jos kuwa, wanda shi yake nema, sai shuuu kawai, eriya ta yi ƙasa. Shi ne ya hau tsamiyar bayan gida, ya buga ƙusa a can ƙololuwa, ya ɗaure waya.

Kowa a unguwar ya san ba a sa ƙarfe a jikin tsamiyar nan. Shi ma ya sani sarai. Dattijon coci ne, ya ce ya wuce wannan. To, wa zai ga laifinsa? Daga ranar ya bar gyaran rediyon mutane, ya bar hira. Kullum yana kan benci, kunne a jikin akwatin, yana jin haɗarin mota a Hawan Kibo, gobara a kasuwa, gawa a bakin rafi, yana jiran suna ɗaya.

Jifa ta ci gaba, kowace magariba. Duwatsun da ɗumi, kamar an ciro su daga murhu. Paulina takan share su da safe ta zubar.

Sai abin ya koma kan 'yarsu Afiniki. Ta dawo daga famfo wata yamma, ta sauke bokiti, ta tsaya ƙiƙam a tsakar gida. Da ta buɗe baki, muryar namiji ce ta fito, tana ba da rahoton wata tifa da ta kife, tana ƙarewa da “ofa” irin na 'yan sanda. Rediyon a kashe take, an cire batir ana shanyawa.

Fasto ya zo da 'yan zumuntar coci, aka yi waƙa, aka yi addu'a. Yarinyar ta kwanta, washegari ta tashi da muryar. Ta daina cin abinci. Daga ƙarshe Paulina ta ɗaura gyale ta tafi unguwar Hausawa da ƙafarta, ta zo da Malam Tanimu, wani tsoho mai karatun aljanu.

Malam ya zauna a kan buzunsa bayan la'asar, ya sa turare a kasko, ya riƙe babban yatsan yarinyar yana karatu a hankali. Ya daɗe. Kaji suka fara shiga akurki kafin jikinta ya ɗauki rawa.

“Wane ne kai?” in ji Malam.

“Mai tsamiya.”

“Me ta yi maka?”

“Ita ba ta yi komai ba. Ubanta ne ya soke ni da ƙarfe. Duk kukan duniya ta wayar nan yake bi ya shiga kunnena, ba dare ba rana. Na nemi inda ya fi shiru a gidan, sai na samu yarinyar nan. Ba mai yi mata magana.”

Paulina ta sunkuyar da kai.

“In an cire ƙusar za ka fita?”

“Zan fita.” Idanun Afiniki suka juya kan Meshak. “Amma ranar da ka tafi kiran fasto, an faɗi sunan da kake jira. Ni kaɗai na ji. Ka bar mini yarinyar zuwa kaka, in gaya maka inda yake.”

Malam ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, “Mai gida, irinsu in sun faɗi gaskiya sai sun cuɗa ta da ƙarya. Kuma jikin nan ba zai kai kaka ba. Sauran naka ne.”

Meshak ya ɗaga kai. Ya dubi wayar da ta miƙe daga taga zuwa tsamiya, ya dubi ƙasa. Shirun ya yi tsawo, wallahi ya yi tsawon da bai kamata uba ya yi ba.

“Baban Luke,” in ji Paulina, murya can ƙasa. “Wannan ma taka ce fa.”

Ya tashi kamar mai ciwon baya, ya ɗauki filaya, ya fita. Suna ji yana hawa, reshe yana ƙara. Da ƙusar ta fito, wayar ta faɗo a kan kwano, Afiniki ta yi atishawa mai ƙarfi ta zube a cinyar uwarta. Malam ya shafa addu'a, ya naɗe buzunsa ya tafi, don kada magariba ta same shi a hanya.

Ba a yi jifa ba ran nan. Paulina ta zuba tuwo, suka zauna su uku a tabarma ɗaya. Meshak ya kunna rediyon don sabo, layin Jos ya koma shuuu, ya kashe.

Afiniki ta ce da muryarta, a dishe, “Baba, ina jin komai a lokacin. Abin da ya ji a wayar, ni ma na ji. In faɗa maka?”

Hannun Paulina ya tsaya a cikin kwano. Meshak ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta, wuyanta, ƙasusuwan kafaɗarta. Ya tura mata kwanon miya.

“Ci abincinki tukuna, Afi. Kin rame.”