Dodo Mai Farce Huɗu

Rana ta kusa faɗuwa a Jingdezhen ta ƙasar Sin, hayaƙin matoyar tangaran ya kwanta a kan rufin gidaje. Tsoho Kuang na cin shinkafa da iyalinsa, sai ga tsingaro ya faɗo cikin miya. Wani tsingaron ya biyo baya, shuɗi da fari, alhali tagogi a rufe suke.

Duk unguwarmu an san Kuang. Shekara talatin yana tara tsofaffin kwanonin tangaran, ko shayi ka ba shi sai ya kifa kofin ya karanta hatimin gindinsa. Abin alfaharinsa wani kwano ne mai zanen dodon sarki, wanda ya tono gutsattsarinsa a tsohon juji ya liƙe. Baƙo bai isa ya zauna ba sai ya ga hatimin.

Kwana bakwai ana jifa kowace magariba. A na takwas 'yarsa Shulan ta juya fuska ga bango, ta rufe ido da tafi, ta ƙi ci, ta ƙi magana.

Aka ɗauko Malam Dou, tsohon mai korar iskoki. Maƙwabta muka cika ƙofa, wai jaje muka zo. Dou ya kunna turare.

"Wane ne kai?" in ji Dou.

Muryar wani dattijo ta fito daga bakin yarinyar, ƙasa-ƙasa. "Don girman iyayenka, a sallami mutanen nan."

"Aljani da jin kunya? Faɗi abin da ya kawo ka."

"Ni na zana dodon kwanon nan, shekara ɗari biyar ke nan. A ƙirga faratansa."

Kuang ya ce, "Biyar-biyar mana! Kayan fada ne, ga hatimi!"

"Maigida, ƙirga dai," in ji matarsa.

Ya ɗauko madubinsa mai ƙara girman abu. Ƙafar baya ta hagu, farce huɗu. Jinin fuskarsa ya ɗauke.

"Atishawa na yi, na manta ɗaya," in ji muryar. "Mai duba kayan fada ya fasa kwanon, aka binne, kamar yadda ake wa duk mai aibi. Na kwanta lafiya. Sai wannan gwanin ya tono, yana nuna wa duniya. Shekara tara yana kallon gindi, bai taɓa kallon dodo ba!"

Wani a bayana ya ƙyalƙyale.

Dou ya ce, "In an ba ka alƙalami ka ƙara farcen fa?"

"Shuɗin yana ƙarƙashin ƙyallin da aka shafe kwanon da shi, Malam. Abin da wuta ta rufe ya rufu. A fasa, a binne, in saki yarinya."

Kuang ya dubi kwanon, ya dubi ƙeyar 'yarsa. Bai dubi ƙofa ba. Ya ɗaga shi da hannu biyu, ya saki.

Da yake tattara tsingaron, sai muka ga ya zura guntun gindin a aljihu.

"Riƙe abinka," in ji muryar, tana nisa. "Hatimin ba aikina ba ne, abokin aikina Feng ne ya rubuta. Shi bai yi atishawa ba."

Shulan ta sauke hannu ta ce yunwa take ji. Aka binne sauran tsingaron a gindin bishiyar lemo.

Washegari Kuang ya zo shan shayi gidana. Na miƙa masa kofi. Ya daɗe yana juya shi, yana duban zanen jikinsa, kunnuwansa jawur, bai kifa shi ba.